Abin da Hankali Ya Ɗauka: Kalmar "Conceivable" da Takwararta "Possible"

A farkon shekarar karatun da ta gabata, wani ƙanena da ya nemi gurbin digiri na biyu a wata jami'a ya kira ni da daddare, muryarsa cike da murna. Jami'ar ta sa sunansa a jerin masu jiran gurbi, ta kuma aiko masa da wasiƙa ta imel, wadda a cikinta akwai wata jimla guda da ya riƙe hannu bibbiyu. Ya ce, "Yaya, sun ce mai yiwuwa ne in samu, don haka ina ganin zan haƙura da ɗaya makarantar da ta riga ta ba ni, in jira waɗannan." Na ce ya turo mini wasiƙar in gani da idona kafin ya yanke shawara. Jimlar ita ce: "It is conceivable that a place will become available before the start of term." Ya riga ya duba "conceivable" a manhajar fassara ta wayarsa, ta ba shi "mai yiwuwa", kuma a kunnen mutumin da ya daɗe yana jiran albishir, "mai yiwuwa" ƙofa ce da aka bari a buɗe. Na karanta jimlar sau uku, na karanta sakin layin da ke gabanta da wanda ke bayanta, sannan na kira shi na roƙe shi kada ya saki reshe ya kama ganye. Na gaya masa cewa da marubucin wasiƙar nan ya ga alamar samuwar gurbi, da "likely" ya rubuta. Da yana tsaka-tsaki, da "possible" ya rubuta. Amma ya tsallake su duka biyun ya ɗauko kalmar da iyakar abin da take cewa shi ne, shi dai ba zai rantse cewa abin ba zai faru ba.

Tun daga daren nan kalmar take yi mini yawo a rai, domin ni ma aikina kullum tsakanin harsunan nan biyu yake, kuma na san sau da yawa na fassara ta da "mai yiwuwa" na wuce ba tare da na tsaya na auna ba. Manhajar ba ta yi wa yaron ƙarya ba, ƙamus ma haka zai ba shi. Matsalar ita ce mun ɗora wa "mai yiwuwa" kayan da ya fi ƙarfinta, mun mai da ita masaukin kalmomin Ingilishi biyar ko shida waɗanda masu harshen ke bambancewa a tsakaninsu kamar yadda mai auna zinariya ke bambance ma'aunansa. A cikinsu kuwa "conceivable" ce aka fi zalunta, saboda ita ba ma labarin duniya take bayarwa ba tun asali, labarin kan mai magana take bayarwa.

Asalin kalmar yana bayyana hakan ƙarara. Ta fito ne daga aikatau "conceive", aka liƙa masa ɗafa-ƙeyar "able" mai nuna iyawa, harafin "e" na ƙarshe ya faɗi. Shi kuma "conceive" ya shigo Ingilishi ne daga tsohon Faransanci, cikin ɗimbin kalmomin da suka kwarara Ingila bayan Normawa sun ci ƙasar da yaƙi a 1066, lokacin da Faransanci ya zama harshen fada da na kotu na tsawon ƙarnoni. Faransanci ya gaje shi daga Latin, daga "concipere", wanda haɗi ne na "con" da "capere". Ma'anar "capere" ita ce ɗauka ko kamawa. Daga wannan saiwar ce "receive" da "perceive" da "deceive" suka tsiro, shi ya sa dukkansu suke da ƙarshe iri ɗaya kuma ake rubuta su da "ei" bayan harafin "c", wurin da ɗalibai da yawa ke tuntuɓe a jarrabawa. Wajen furuci, nauyin murya yana kan gaɓa ta biyu ne, wadda ake ja kamar "sii".

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, ma'anar da "conceive" ya fara zama da ita a Ingilishi, tun ƙarni na 13, ita ce ɗaukar ciki, kuma har gobe likitoci da ita suke amfani idan suna maganar macen da ta samu juna biyu. Ma'anar ƙulla tunani a zuci ta zauna kusa da ita, kamar dai an ɗauki zuciya a matsayin mahaifa, ra'ayi kuma ɗan tayi ne da ta karɓa ta rena. Duk mai jin Hausa zai ga cewa ba baƙon abu aka kawo masa ba. Mu ma da aikatau guda muke yin ayyukan nan biyu: mace ta ɗauki ciki, hankali ya ɗauki magana. Idan aka ba mu labarin da ya wuce misali, sai mu ce, "Wannan hankali ba zai ɗauka ba." Idan wani ya kawo uzuri mai tsari, sai mu ce, "To, wannan kam hankali zai ɗauka." Ba aron wannan salon muka yi daga Latin ba, su ma ba su aro daga gare mu ba; harsuna biyu ne da suka kalli abu ɗaya suka ga hoto ɗaya. Saboda haka a wurina, fassarar "conceivable" da ta fi kusa da jininta ita ce "abin da hankali zai iya ɗauka", kuma kishiyarta "inconceivable" ita ce "abin da hankali ba zai ɗauka ba". Muna da kalmar a gida tun da daɗewa, gaggawa ce kawai ke hana mu ɗauko ta.

"Possible" kuwa daga wata zuriya take daban. Tushenta shi ne "posse" na Latin, wato iyawa, kuma dangi ɗaya take da "power" da "potent", kalmomin iko da ƙarfi. Tambayar da take yi ita ce ko akwai abin da zai hana a duniyar zahiri: dokar halitta, ko dokar hukuma, ko rashin kayan aiki, ko ƙurewar lokaci. Sauran 'yan gidan ma kowacce da ma'auninta. "Probable" ta fito daga "probare", gwadawa da tabbatarwa, don haka ita ce abin da hujja ta rinjayar, wanda mu muke cewa ana kyautata zatonsa. "Feasible" daga aikatau na Faransanci mai ma'anar yi take, ita ce abin da zai aikatu da kuɗi da mutane da lokacin da ake da su, shi ya sa ake jin ta a bakin injiniyoyi da masu tsara ayyuka. "Plausible" daga "plaudere" take, wato tafi, asalinta abin da ya cancanci a tafa masa, yau kuma ta zama maganar da ta yi kama da gaskiya a kunne ko da ba a bincika ta ba tukuna.

Hanya mafi sauƙi ta gane bambancin "conceivable" da "possible" ita ce a gwada musanya su a jimlolin yau da kullum a ga inda musanyar take ƙi. Ana rubuta "as soon as possible" a ƙarshen wasiƙa, ana nufin da zarar hali ya yi. Ba wanda zai sa "conceivable" a wurin, domin ba saurin tunani ake nema ba, saurin aiki ake nema. Mai neman alfarma yakan ce, "Would it be possible to see the doctor today?", kuma da zai sa "conceivable" a nan da ma'aikaciyar asibitin ta ji kamar habaici yake yi mata. Haka nan idan makanike ya ce gyaran mota "is possible", alƙawarin iyawa ya yi. Idan ya ce "it is conceivable that the fault is in the wiring", yana nufin zato ne da ya gifta masa a rai wanda bai kore shi ba, bai kuma gwada shi ba. Daga nan ne kalmar ta samo inuwar da ƙanena bai gani ba. Mutumin da yake da dalilin da zai kai shi ga "possible" ko "likely" ba ya tsayawa a "conceivable", kamar yadda mai shaidar gani da ido ba ya cewa "na ji an ce". Zaɓen ƙaramar kalma alhali manya suna nan, shi kansa saƙo ne. Haka abin yake ga "conceivably", wadda ake jefawa a tsakiyar jimla tare da "could": "It could conceivably rain" hasashe ne mai rauni ƙwarai, irin na wanda ya ɗaga kai ya ga sama tas amma ya ƙi cika baki.

Sai dai akwai wurin da kalmar take juyewa ta zama mai ƙarfi, kuma a nan masu fassara ke yin kuskure na biyu. Idan ta biyo bayan "every" ko "any" ko "no", aikinta shi ne share fage gaba ɗaya. "We tried every conceivable method" yana nufin babu dabarar da ta zo wa ɗan Adam a rai wadda ba mu gwada ba. "There is no conceivable reason for the delay" zargi ne mai nauyi, yana cewa na zauna na yi tunani iya tunanina ban samo wa jinkirin nan uzuri ko ɗaya ba. Dalilin wannan ƙarfi shi ne da'irar abin da hankali ke ɗauka ta fi faɗi nesa ba kusa ba a kan da'irar abin da ke faruwa, don haka wanda ya ce ya ƙure ta, ya ce ya ƙure komai. "Inconceivable" kuma sau da yawa ba hukunci take yankewa kan yiwuwa ba, girgizar zuciya take bayyanawa. Wanda ya ce "it is inconceivable that a mother would abandon her child" ya san sarai cewa hakan yana faruwa. Abin da yake faɗa shi ne zuciyarsa ta ƙi ba wa abin masauki. Wanda ya fassara wannan da "ba zai yiwu ba" ya sa wa mai maganar ƙarya a baki.

Duk wanda ya taɓa zama gaban malami ya karanta tauhidi ya riga ya san wannan rabe-raben, ko da bai taɓa jin kalmar Ingilishin ba. Malaman aƙida sun kasa hukuncin hankali kashi uku: wajibi, da mustahili, da ja'izi. Shaihu Muhammad ɗan Yusuf Sanusi, malamin garin Tilimsan, a ƙasar Aljeriya ta yau, da ya rasu a 1490, ya yi musu iyaka a ɗan littafinsa Ummul Barahin da salon da ya dace da maganarmu daidai wa daida: wajibi shi ne abin da hankali ba ya suranta rashinsa, mustahili shi ne abin da hankali ba ya suranta samuwarsa, ja'izi kuma shi ne abin da samuwarsa da rashinsa duk sun inganta a hankali. Aikatau na Larabcin da ya yi amfani da shi daga saiwar "sura" yake, wadda mu ma muka ara, kuma shi ne ke yin aikin da "conceive" ke yi a Ingilishi. Abu guda ya kasance yana motsi kuma yana tsaye cik a lokaci guda ta fuska guda, wannan mustahili ne. Hankali ba ya ko iya zana shi.

Malaman ba su tsaya nan ba, sun ware hukuncin hankali daga hukuncin al'ada, wato abin da muka saba gani yana biyo bayan wani abu a halitta. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kafa misali da wuta da auduga. A al'ada, duk lokacin da suka haɗu audugar takan ƙone, amma ya ce hankali yana iya suranta haɗuwarsu ba tare da ƙuna ba, domin babu karo a cikin wannan surar kamar yadda ake samun karo a cewa ɗaya ya fi biyu yawa. Ko mutum ya yarda da inda Gazali ya kai hujjarsa ko bai yarda ba, ya ba mu ma'aunin da muke buƙata. "Conceivable" tana zaune ne a unguwar ja'izi na hankali, ita kuwa "possible" a bakin yawancin masu magana tana zaune a unguwar al'ada. Auduga ta shiga wuta ta fito fara fat, wannan "conceivable" ne. Amma mai kula da rumbun ajiyar auduga ba zai tsara aikinsa a kansa ba.

Masana falsafar Turai su ma sun daɗe suna kai-kawo a kan wannan gada. David Hume, ɗan ƙasar Sikotland, ya rubuta a 1739 cewa duk abin da hankali ya suranta a sarari yana ɗauke da yiwuwar samuwa. Misalinsa shi ne tsaunin zinariya: muna iya suranta shi, don haka muna iya cewa zai iya kasancewa, amma ba ma iya suranta tudu marar kwari, don haka muke ɗaukarsa abin da ba zai yiwu ba. Kusan shekara 100 kafin shi, a 1641, René Descartes na Faransa ya nuna wani bambanci mai amfani ga mai koyon kalmar. Ya ce siffa mai gefe 3 kana iya ganinta da idon zuci, amma siffa mai gefe 1,000 ba ka iya ganinta haka. Duk hoton da ka zana a ranka ba zai bambanta da na mai gefe 10,000 ba. Duk da haka ka fahimce ta sarai, har kana iya yin lissafi a kanta. Wannan ne ya raba "conceivable" da "imaginable" a wurin masu tsantseni: ta farko fahimta ce, ta biyu hoto ne. A maganar yau da kullum ana musanya su ba tare da wata asara ba.

Ni dai ina ganin Hume ya amince wa hankali fiye da kima, kuma tarihin lissafi ne shaidata. Sama da shekara 2,000 masana suna ƙoƙarin zana murabba'i mai faɗin fili daidai da na wata da'ira, da rula marar awo da kamfas kawai. Kowannensu ya suranta nasara, wasu ma sun yi shelar sun cim mata. Sai a 1882 Ferdinand von Lindemann na Jamus ya tabbatar da wata siffa ta lambar nan ta lissafin da'ira da ake kira "pi" wadda ta nuna cewa aikin ba zai taɓa yiwuwa ba, ba don ƙarancin basira ba, sai don karo da ke ɓoye a cikinsa wanda ido bai gani ba. Haka labarin injin da zai yi ta juyi har abada ba tare da an ba shi makamashi ba. Zane-zanensa sun yi yawa har Cibiyar Kimiyya ta Faransa ta yanke shawara a 1775 cewa ta daina duba su, tun kafin a tsara dokar kimiyyar da ta bayyana dalilin gazawarsu. Akwai ma tambayoyin da har yau muke tsaye a tsakiyarsu. A 1742 Christian Goldbach ya kawo hasashen da a yau ake faɗarsa da cewa duk lambar da ta wuce 2 kuma take rabuwa biyu ba saura, ana iya samunta ta hanyar tara lambobi biyu daga cikin waɗanda ba sa rabuwa sai da 1 ko da kansu, kamar yadda 10 take 3 da 7. Ba a tabbatar ba, ba a kuma ƙaryata ba. Hankali yana ɗaukar cewa gaskiya ne, yana kuma ɗaukar cewa akwai wata ƙatuwar lamba can da za ta karya shi, alhali ɗaya daga cikin biyun nan mustahili ne tun fil azal. Ashe sau da yawa idan muka ce hankali ya ɗauki abu, iyakar abin da muke nufi shi ne ba mu ga abin da zai hana ba tukuna.

Gibin yana buɗewa ta ɗaya ɓangaren ma. Akwai abubuwan da ke faruwa kullum alhali hankalin yawancinmu ya ƙi ɗaukarsu. Agogon da ke cikin taurarin ɗan Adam na GPS yana gaba da agogon ƙasa da kimanin kashi 38 cikin miliyan na daƙiƙa a kowace rana, saboda lokaci kansa ba ya tafiya bai ɗaya a ko'ina, kamar yadda ka'idojin Albert Einstein suka nuna. Da injiniyoyi ba su gyara wannan bambancin ba, da taswirar wayarmu ta riƙa ɓatar da mu. Na karanta bayanin sau da yawa, na yarda da shi, amma har yanzu zuciyata ba ta iya zana shi. Wannan ya sa nake jin nauyin furta "inconceivable" a kan lamarin da ban ƙware a kansa ba, domin kalmar takan auna iyakar sanin mai faɗarta fiye da yadda take auna duniya.

Wanda yake ganin duk wannan wasa da kalmomi ne, ya duba abin da ya faru a Kotun Ƙolin Amurka a 2007, a shari'ar Bell Atlantic da Twombly. Masu ƙara sun zargi manyan kamfanonin tarho da haɗa baki don kada su yi gogayya da juna, amma abin da suka gabatar shi ne kamfanonin suna tafiya salo ɗaya, ba su nuna wata yarjejeniya ba. Kotun, da rinjayen alƙalai 7 a kan 2, ta ce a kori ƙarar, dalilinta kuwa shi ne masu ƙarar ba su tsallakar da zarginsu daga layin "conceivable" zuwa "plausible" ba. Wato haɗin bakin abu ne da hankali zai ɗauka, amma kamfanoni suna iya tafiya salo ɗaya don kowannensu yana bin maslahar kansa, kuma ba a jawo mutum doguwar shari'a a kan abin da kawai za a iya surantawa. Wannan hukuncin ya sauya ma'aunin shigar da ƙara a kotunan tarayya na ƙasar, kuma tazarar da ke tsakanin kalmomi biyu ce ginshiƙinsa.

Su kansu masu harshen ba su tsira daga ruɗanin irin waɗannan kalmomi ba. A 1951 wani rahoton hukumar leƙen asirin Amurka ya ce kai wa Yugoslabiya hari a shekarar "serious possibility" ne. Sherman Kent, ɗaya daga cikin waɗanda suka tsara rahoton, yana nufin kimanin kashi 65 cikin 100, amma da ya bi abokan aikinsa ɗaya bayan ɗaya ya tambaye su, sai ya tarar fahimtarsu ta kama daga kashi 20 har zuwa kashi 80, alhali dukkansu sun sa hannu a kan jimla ɗaya. Irin wannan ne ya sa kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi ya ɗaure kalmominsa da lambobi: "likely" daga kashi 66 zuwa sama, "very likely" daga kashi 90, "virtually certain" daga kashi 99. Misalin da ya fi shafar mai karanta labarai shi ne na hukumar binciken ciwon daji da ke Liyon a Faransa, wadda reshe ce ta Hukumar Lafiya ta Duniya. Tana da rukunin "probably carcinogenic" da kuma na ƙasa da shi, "possibly carcinogenic", inda "carcinogenic" ke nufin mai jawo ciwon daji. A wannan na ƙasan ta sa igiyar rediyo irin wadda wayar salula ke fitarwa a 2011, ta kuma sa sinadarin zaƙi na aspartame a Yulin 2023. Rukunan nan ƙarfin hujja suke aunawa, ba girman haɗari ba, kuma na ƙasan yana nufin hujjar da ake da ita taƙaitacciya ce. Idan mai fassara ya mai da duka biyun "mai yiwuwa yana jawo ciwon daji", ko ya ƙara gishiri ya ce "yana jawo ciwon daji", ya tayar wa dubban mutane hankali a kan abin da masu binciken ba su faɗa ba.

Abin da nake yi yanzu idan na ci karo da "conceivable" shi ne in tambayi kaina ko marubucin yana buɗe ƙofa ne ko kuwa yana ƙin rufe ta kawai. Idan ya ce "it is conceivable that", nakan rubuta "ba abin da hankali zai kore ba ne cewa", ko "ba za a ce sam ba zai faru ba", wani lokaci in ƙara "ko da yake da kamar wuya" idan sauran rubutun ya nuna hakan. Idan "every conceivable" ce, sai in ce "duk wata hanya da za ta zo wa mutum a rai". Idan "no conceivable reason" ce, "babu wani dalili da hankali zai ɗauka" ya wadatar, kuma zafinsa daidai yake da na asalin. "Mai yiwuwa" da "ta yiwu" da "wataƙila" na bar wa "possible", "ana kyautata zato" na bar wa "probable" da "likely", "zai aikatu" kuma na bar wa "feasible". Na san jimlar Hausar takan ɗan fi tsawo, kuma edita mai ƙirga kalmomi ba ya son haka. Amma mai karatun da ba ya jin Ingilishi ba shi da wata hanyar komawa ga asalin ya duba. Abin da na ba shi, a kansa zai gina shawararsa, kamar yadda ƙanena ya kusa gina tasa a kan kalmomi biyu da waya ta ba shi.

Washegarin daren nan ya sake kirana, muryarsa a sanyaye, ya ce, "Yaya, to in ba su da niyyar ba ni, me ya sa ba su faɗa kai tsaye ba?" Na ce masa su ma ba su sani ba, domin gurbin ba zai samu ba sai wani da aka riga aka ɗauka ya janye, kuma wannan ba a hannunsu yake ba, sun zaɓi kalmar da ba za ta zama ƙarya ba ko ta wace fuska abin ya faɗi. Na ba shi shawara ya amsa musu cewa yana so a bar sunansa a jerin, ya kuma tambaye su mutum nawa ne a gabansa da kuma mutum nawa aka ɗauka daga jerin a shekarar da ta wuce, tunda lamba ba ta da inuwa irin ta kalma. Ya rubuta musu a ranar, ya kuma kammala rajistarsa a makarantar da ta riga ta ba shi gurbi kafin wa'adinta ya cika.